Kukan Ƙafar Mota

Ina gaida direbobinmu da ke kan hanya a daidai wannan lokaci, da waɗanda ke jiran lodi a tashar Ikara da ta Makarfi da ta Hunkuyi, da na Tashar Yari, da mutanen Malikanci da Paki da Gubuci da Likoro. Gaisuwa ta musamman ga kanikawa da yaransu, domin a garejinku sharhin yau zai yada zango.

Maganar ƙara na kawo muku, ƙarar da ke tashi daga ƙarƙashin mota, wajen ƙafafu, musamman bayan an taɓa su. Mutum ya kai mota gareji, an canza masa shokozoba, an sa masa sifirin mai ƙarfi, ya biya kuɗi masu tsoka, ya fito yana murna. Ba a jima ba sai ya fara jin ƙwal-ƙwal daga baya idan ya hau gargada, ko ƙii-ƙii daga gaba idan ya taka tudun rage gudu. Ya koma wurin bakanike, bakanike ya ce masa, "Maigida, ai sabo ne, bai zauna ba tukuna, ka ƙara masa kwana biyu." Wani lokaci gaskiya ne, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna. Amma mafi yawan wannan ƙarar ba ta rashin zama ba ce. Wani abu ne ke bugun wani abu a inda bai kamata su haɗu ba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda muke yi da ita. Ba mu cika tambayar me ya kawo ta ba. Abin da muke cewa shi ne, "Don Allah ka kashe min ƙarar nan." Bakanike kuwa ya iya kashe ƙara, ya bar abin da ya haife ta yana nan daram.

Masu taɓa ƙafar mota a ƙasar nan kashi biyu ne. Akwai masu saukar da ita ƙasa, akwai masu ɗaga ta sama. Na farkon samari ne masu sha'awar motar gudu, irin waɗanda ake gani a Kano da Kaduna da Zariya da BMW ko Marsandi ta kwanta har tana neman shafar kwalta. A Turai da Amurka da Japan wannan babbar sana'a ce, kamfanoni irin su Bilstein da Koni da Eibach suna ƙera sifirin da shokozoba musamman don haka, kowane da motar da aka auna shi da ita. Duk da haka masu sa su suna kukan ƙara, domin a motar tsere ana cire roba mai laushi a maye gurbinta da mai tauri, ko ma da ƙarfe zalla, don direba ya riƙa jin titi a hannunsa. Robar da aka cire kuwa ita ce da ma ke shanye ƙara. Su a can sun san wannan farashi ne, kuma a kan fili mai santsi suke gudunsu. A nan wurinmu sau da yawa ko kayan ma ba a saya. Sai a ɗauki injin yankan ƙarfe a datse zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ko mai walda ya gasa shi da wuta har ya lanƙwashe. Sifirin da aka gasa ya rasa ƙarfin da aka dafa shi da shi a masana'anta, ba zai ƙara komawa daidai ba. Wanda aka datse kuma ya gajarce, idan taya ta faɗa rami sai ya saki mazauninsa ya yi ta rawa, garam-garam. Ga shokozoba tana kaiwa ƙarshenta tana dukan ƙasa, ga taya tana gugar bodi, ga kaskon man da ke ƙasan inji yana jiran dutsen da zai fasa shi. Ranar biki ko ranar Sallah idan aka shigo da irin wannan mota hanyar ƙauye, sai ka ga ana hawa kwalbati a karkace, ana sauke fasinja kafin a tsallake.

Amma waɗannan tsiraru ne a yankinmu. Babbar maganarmu ta masu ɗagawa ce, kuma ina so in yi musu adalci kafin in ce komai. Ƙasarmu ƙasar kaya ce. Raken Makarfi da mazarƙwailarta sun yi suna har kudu. Kudan da Hunkuyi ga tumatir, ga dankali, ga inabi. Ikara ga masara da barkono da tumatir. Duk wannan amfani sai ya fito daga gona ya kai kasuwa, hanyar gona kuwa burji ce in an yi sa'a, in ba a yi ba kuwa hanyar amalanke ce da ruwan damina ya zaizaye.

Manyanmu sun yi wannan aikin da Fijo. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan su kansu Faransawa sun daɗe da daina ƙera ta. Ba don kyau aka so 504 ba, don ƙafarta ne. Doguwar ƙafa gare ta, tana iya nutsewa ta taso ba tare da ta kai ƙarshe ba. A shekarar 1975 ɗin nan ita ce ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Mai dogon bayan nan da ake lodin fasinja sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe. A-kori-kura kuwa sifirin faranti aka sa mata, irin na manyan motoci, domin da ma don kaya aka yi ta. Da Fijo ta tsufa ta ƙare, sabuwa kuma ta fi ƙarfin talaka, sai kayan Beljiyam suka cike gurbin. Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, mota ce ta magidancin Jamus da iyalinsa da jakar tafiyarsu. Sharon ta fito a 1995, kujera bakwai gare ta. Su muka ɗora wa aikin 504 da na a-kori-kura gaba ɗaya. Direban da ya ɗaga bayan Golf ɗinsa ba ganganci ne ya sa shi ba, neman abinci ne da abin da ke hannunsa.

Sai dai ƙarfe bai san uzuri ba. Kowace mota tana da ɗan allo a jikinta, a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, wanda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Abin da Golf 3 za ta ɗauka, mutane da kaya duka har da direba, bai wuce kimanin kilo 500 ba. Manya biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Abin da ya rage bai kai buhun masara biyu masu kilo 100 ba. To ku tsaya a bakin kasuwa ranar cinta ku duba. An cire kujerar baya, an jera buhu goma, but a buɗe an ɗaure shi da igiya, an ɗora wasu kwanduna a kan rufi, ga mai kayan da yaronsa sun matse a kujerar gaba. Tan guda ke nan na masara kaɗai, ninki biyu na abin da aka yi motar dominsa. Ku sunkuya ku leƙa ta bayan taya. Za ku ga sifirin da ba nata ba, mai kauri, wanda aka ciro daga wata babbar mota, a tsakanin zagayensa kuma an cusa guntayen tsohuwar taya an ɗaure da waya. A tsakiyarsa ga shokozoba ta jiƙe da mai, jar ƙura ta manne mata har ta yi ɓawo. Wannan man da ya tsiyaye shi ne ranta. Tun da ya fita, ƙarfe ne kawai a tsaye.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin da yawa daga cikinmu muna ɗaukar sifirin da shokozoba aiki ɗaya suke yi. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Idan taya ta hau tudu yakan matse, sannan ya mayar da ƙarfin da ya karɓa. In da shi kaɗai ne, da mota ta yi ta tsalle ba tsayawa. Shokozoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta riƙe sifirin kada ya yi tsalle, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinta, shi ya sa take ɗaukar zafi a doguwar gargada. An auna su tare, ƙarfin wannan daidai da ƙarfin wancan, tsawon wannan daidai da tsawon wancan. Duk manomin da ya taɓa haɗa babban sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya ya san yadda kunyar za ta fito, kuma ya san wanda zai fara faɗuwa. Haka abin yake idan aka sa sifirin babbar mota aka bar shokozobar Golf.

Daga nan ƙarar farko ke fitowa, wadda direbobi suka fi sani. Za ka ji direba ya ce, idan da lodi motar shiru take, sai ya sauke kaya ya juyo wayam sannan baya ya fara ƙwal-ƙwal. Dalili shi ne dogon sifirin ya riga ya miƙar da shokozoba kusan iyakar tsawonta tun mota tana tsaye. Da taya ta ɗan faɗa rami, sai sifirin ya fizge ta ta kai ƙarshe, ƙarfe ya daki ƙarfe. Kowane duka yana tafiya kai tsaye zuwa inda aka ɗaure kan shokozoba a jikin bodi. Da farko robar wurin ce za ta mutu. Bayan ta sai bodin ya fara tsagewa. Ku tambayi masu walda sau nawa suke liƙe wannan wuri a jikin motocin haya. Sun liƙe, ya sake tsagewa a gefen liƙin, domin ba a cire abin da ke dukan ba.

Ƙara ta biyu ita ce ƙii-ƙii, irin ta roba, kuma a kanta nake so kanikawanmu su ba ni aron kunnensu, domin gyaranta ko kwabo ba ya ci. Bushin da ke jikin hannun ƙafa roba ce da aka manne tsakanin ƙarfe biyu. Ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi, ta ɗan tafi sama ta ɗan tafi ƙasa ta dawo tsakiya. Tsakiyar nan kuwa ita ce inda aka ɗaure notinta. Idan aka ɗaure notin tamau mota tana kan jak, taya tana lilo, to da an sauke motar robar ta riga ta murɗe tun ba a tafi ko'ina ba. A haka za ta kwana, a haka za ta wuni, ga lodi, ga gargada. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin 'yan watanni, mai mota ya ce an sayar masa da jabu, mai kaya ya rantse, a yi ta cacar baki, alhali laifin na ɗaurin ne. Ƙa'idar ita ce a sa noti a sassauce, a sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, sannan a shiga ƙarƙashi a ɗaure. Haka nan duk motar da aka canza wa tsayi, sama ko ƙasa, sai an sassauta waɗannan notuna an sake ɗaure su a sabon tsayin. Na san gareji da yawa ba su da ramin shiga ƙarƙashin mota, yaro a kan tabarma ko kwali yake kwanciya. Amma ana iya ɗora tayoyin a kan katako mai kauri a sami wurin shiga. Manyan kanikawa da suka koyi aiki a zamanin Fijo sun san wannan sarai. Roƙona su koya wa yaransu, su kuma tsaya su ga an yi.

Abin da ake yi a maimakon haka shi ne a ɗebo baƙin mai a tsiyaya a kan bushin. Nan take ƙara ta ɗauke, mai mota ya ji daɗi ya ba da na goro. Man inji kuwa maƙiyin irin wannan roba ne, kumbura ta yake yi ta yi laushi ta ruɓe. An sayi shirun mako guda da ran bushin gaba ɗaya.

Akwai kuma ƙaramar ƙwas-ƙwas da ake ji a kan ƙananan duwatsu, wadda yawanci daga sitabilaiza take, wato sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, ko daga 'yan guntayen ƙarafan da ke riƙe da ita. Idan aka ɗaga mota, tsawonsu ba ya ƙara dacewa, sai su zauna a karkace su ci kansu. A nan ne ake yin abin da ya fi tayar min da hankali: a kwance sandar gaba ɗaya a jefa ta bayan gareji, a ce ai ba ta da wani amfani. Wannan sanda ita ke hana mota kwantawa gefe guda a kan kwana. A ce an ɗaga mota sama, an ɗora kaya a kan rufinta, sannan an cire abin da ke hana ta kwantawa. Ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo titi direba ya kauce da sauri, ranar za a san amfaninta. Idan kuma gaba aka ɗaga, shaf ɗin da ke juya taya yakan zauna a karkace, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas idan an karya sitiyari ana tafiya. Wanda yake jin ɓam idan ya juya sitiyari mota tana tsaye, ya sa a duba boris ɗin da ke saman shokozobar gaba, ko a ga ko sifirin ya hau mazauninsa daidai.

Duk waɗannan asarar kuɗi suka fi jawowa. Wadda ke ɗaukar rai ita ce ta boljoyin da tayarod. Babu wanda ke bin hanyar Zariya bai taɓa ganin mota a gefen titi ba, tayar gaba ta ɓalle ta kwanta a ƙarƙashin bodi. Boljoyin ne ya fita daga kwaskonsa. Ba ya fita rana ɗaya. Robar da ta rufe shi ce ke fara yagewa, giris ya fita, ƙasa da ruwa su shiga, ya fara gaf-gaf a gargada, sitiyari ya fara wasa. Makonni yake yi yana faɗa. Dubawarsa kuwa ba ta da wuya. A ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sake kama ta dama da hagu a girgiza, wani ya sunkuya yana kallo, a sa ƙarfe a ɗan banƙara wajen boljoyin a gani ko yana motsi. Aikin da bai kai shan shayi ɗaukar lokaci ba. Matsalar ita ce motar da ta saba da ƙara iri biyar, direbanta ba zai gane ta shida ba idan ta shigo. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa kada a zauna da ƙara ko da ƙarama ce. Tana rufe bakin wadda ta fi ta.

Akwai kuma illar da ba ta yin ƙara ko kaɗan. Da yawa daga cikin Golf 2 da Golf 3 marasa ABS suna da wani ɗan bawul na birki a baya, wanda aka haɗa da ƙarfen ƙafar baya ta hanyar ƙaramin sifirin. Aikinsa ya auna yadda bayan mota ya nutse. Idan ya nutse, alamar akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan bai nutse ba sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. To ka ɗaga bayan mota da sifirin mai tauri, ka ɗora tan guda, bayan bai nutse yadda ya saba ba. Bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take, ya hana birkin baya ƙarfi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Mafi yawan nauyin tsayawa ya koma kan birkin gaba. Tayoyi ma haka. Lambar da ke jikin taya bayan girmanta tana faɗin nauyin da za ta ɗauka: 82 na nufin kilo 475, 91 na nufin kilo 615. Sifirin mai ƙarfi bai canza wannan lamba ba, bai ƙara wa boris ƙarfi ba, bai ƙara faɗin birki ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye obalodi daga ido. Da can idan kaya sun yi yawa mota takan durƙusa kowa ya gani, yanzu tana tsaye ƙyam.

Ga kuma hanyar Zariya zuwa Kano da aka sake ginawa. Mun yi murna da ita, kuma ta cancanci murna. Amma a kan kwalta mai santsi ƙafar da ta lalace shiru take yi, sai ƙafar direba ta yi nauyi a kan totur. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa a kan babban titi irin wannan, motar haya kuma 90. Lissafin birki ba ya tafiya daidai da lissafin gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Motar da shokozobarta ta mutu kuwa tayarta tsalle take yi a kan titi, taya a sama kuma ba ta kama birki.

Na san abin da direba zai ce, kuma yana da gaskiya: kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Ka je Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Sabon Garin Zariya, za a jera maka kala uku: na Beljiyam, sabo mai suna, da sabo mai araha. Shokozobar Beljiyam ta riga ta yi shekarunta a wata ƙasa, ba wanda ya san saura nawa. Mai suna kamar KYB ko Sachs ko Monroe tana da kyau idan ta gaske ce, sai dai masu jabu ma sun iya buga kwali. Akwai kuma masu huda tsohuwa su ɗura mata mai su liƙe. Za ta yi tauri a hannu, amma robar da ta bar man farko ya fita tana nan yadda take, ƙofofin ciki da suka cinye suna nan yadda suke. Araha ba ta ado. Wanda ƙarfinsa bai kai ya canza huɗu ba, ya canza biyu na gefe da gefe, gaba biyu ko baya biyu, iri ɗaya. Sabuwa a dama tsohuwa a hagu, motar za ta riƙa ja gefe guda a birki da a kwana.

Masu kaya su ma abin ya shafe su. Ƙafa mai tauri ba ta shanye gargada, miƙa ta take yi ga abin da ke ciki. Buhun masara ba ruwansa. Kwandon tumatir ko kwalin inabi kuwa, na ƙasa kan isa kasuwa a farfashe, ruwa yana ɗiga ta ƙasan but, dillali ya karya farashi. Manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa ya kamata ya leƙa ƙafar motar da zai ba wa kayansa, kamar yadda yake tambayar kuɗin ɗauka.

A Jamus, inda aka ƙera Golf, mota tana zuwa gwaji duk bayan shekara biyu, wanda ya canza mata sifirin ko tsayi kuma sai ya nuna shaidar cewa kayan sun dace da motar, in ba haka ba ba za ta hau titi ba. Ba na cewa mu kwafo wannan gobe da safe. Muna da hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, muna da VIO, muna da KASTLEA a jihar Kaduna, kuma duk wanda ke bin hanya ya san takarda aka fi tambaya, ba a cika sunkuyawa a leƙa ƙarƙashi ba. Ni dai na fi sa rai ga waɗanda ke kusa. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha sun san kowace mota da mai ita. Sun iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, to su hana ta saboda boljoyin. A ajiye jak ɗaya da bakanike ɗaya a tasha ranar kasuwa, duk motar da za ta ɗauki mutane a girgiza tayoyinta na gaba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma ya kamata ta yi wa 'ya'yanta doka biyu kawai: ba cire sitabilaiza, ba gasa sifirin.

Ban ce kada a ɗaga mota ba, domin na san hanyar gona. Amma wanda zai ɗaga ya ɗaga kaɗan, ya nemi sifirin biyu iri ɗaya, ya haɗa su da shokozobar da tsawonta ya kai, a ɗaure bushin mota tana ƙasa, a gyara bawul ɗin birki, a yi alaimen, a daidaita fitilu domin tsayin baya yana canza inda haskensu ke sauka. Idan kayan sun kai tan guda, aikin a-kori-kura ne ko Kanta. Manoma uku su haɗa kuɗi su ɗauki babbar mota ya fi kowa ya cusa nasa a Golf.

Ku kuma fasinjoji, iyayena mata da ke zuwa kasuwa da 'yan makaranta da ke komawa Zariya, kuna da bakin magana. Idan kun ji ƙafar gaba tana gaf-gaf, direba kuma ya ƙara muryar rediyo, ku ce masa, "Malam direba, don Allah rage gudu, ƙafar motar nan tana ƙara." Ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Ranku ne a ciki, da nasa. Direban kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ku sauka a gari na gaba.

Mai mota kuma, idan za ka koma gareji, ka tafi da bayani. Ka lura ko ƙarar da lodi take zuwa ko wayam, a gargada ko a kwana, lokacin taka birki ko lokacin juya sitiyari, daga gaba ko daga baya, dama ko hagu. Ka ɗauki bakanike a motar ku hau burji tare ya ji da kunnensa. Idan ya ce ya gano, ka sunkuya ya nuna maka wurin da ke motsi kafin ya kwance, ka tsaya a sauke motar daga jak kafin a ɗaure noti na ƙarshe, kuma ka karɓi tsohon abin da aka cire ka duba shi da idonka.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.